Ƙawata Dandali a Fim na Tarihi: Matsalar Kanta na Kabi

A zamanin manyan kamfanonin silima na Amurka, watau daga wajen 1925 zuwa 1955, ba a cika fita da kyamara waje ba. Fada ko kasuwa, duk a cikin rumfar kamfani ake ƙaga su da katako da farar ƙasa. A kamfanin MGM, Cedric Gibbons ya shugabanci wannan sashe daga 1924 zuwa 1956, har ya zamana mai kallo yana gane aikin kamfanin daga sheƙin ɗakunansa kawai.

Marigayi Adamu Halilu bai gaji irin wannan rumfa ba sa'ad da ya shirya Shehu Umar a 1976, sa'an nan Kanta of Kebbi a 1978. Labarin Kanta ya fi wuya nesa ba kusa ba. Muhammadu Kanta ya yi zamani a ƙarni na 16, birninsa kuwa, Surame, kufai ne, sai ragowar ganuwar dutse. Birnin Kebbi ta zama hedkwata daga baya, kuma masu jihadi suka ci ta a 1805. Tsohuwar fadar Argungu, wadda aka mayar Gidan Tarihi na Kanta a 1958, ginin ƙarni na 19 ne. Ke nan duk soron da mai fim zai ara, ya girmi kakanninmu, amma Kanta ya girme shi da shekara wajen ɗari uku.

A nan ne ido ke yaudarar mai ƙawata dandali. Abin da muka saba kira ado na gargajiya, alal misali zanen da ke lulluɓe fuskar zaure a Zariya da Kano, yawancinsa a ƙarni na 20 ya yaɗu. Shi ya sa ake ganin keke da mota a cikinsa. Haka jeren kwalla a ɗakin amarya: kayan kanti ne, ƙorai da tasoshi suka riga shi. Wanda ya liƙa waɗannan a fadar Surame ya yi wa tarihi ƙarya, ko da mai kallo ya yaba. Kuma ɗalibi ya fi riƙe abin da ya gani a majigi bisa abin da ya karanta.

A ganina, madogara mafi aminci ita ce kufan Surame kansa, da makamai da tambura da kayan su da ke ajiye a Argungu.