Wiki da Laburare: Wa Zai Rubuta Tarihin Karaye da Rogo?



Kwanakin baya ƙanwata ta zo min da aikin gida. Malaminsu ya ce kowa ya rubuto tarihin garinsu. Muka ɗauki waya muka bincika sunan ƙauyenmu, wallahi layi biyu kacal muka samu. Da muka buga Landan kuwa, sai da yatsa ya gaji da ja. To laifin wa? Namu ne, domin wiki ba ta rubuta kanta.

Mece ce wiki? Shafi ne na intanet da mutane da yawa za su iya rubutawa su kuma gyara, kuma duk gyaran da aka yi yana nan a ajiye da lokacinsa. Wani Ba'amurke, Ward Cunningham, ya ƙirƙiro ta farko a 1995. Wikipedia kuma ta fara ranar 15 ga Janairu, 2001, yau har da ta Hausa akwai.

Amma fa akwai sharaɗi: hujja. Ni da na fara, abin da kakana ya ba ni labari na zuba, washegari na tarar wani edita ya cire. Na ji haushi, daga baya na gane yana da gaskiya. Ba a karɓar “an ce”. Sai ka nuna littafi, jarida ko mujallar da maganar ta fito.

Nan laburare ya shigo. Tun 2016 ake wani gangami a duniya mai suna 1Lib1Ref, wato kowane ma'aikacin laburare ya ƙara hujja ɗaya a Wikipedia. Ɗaya tak! Mu ma za mu iya. Malami ya raba ɗalibai rukuni-rukuni: waɗannan su nemo abin da aka rubuta kan madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992, waɗancan su bi tarihin masarautar Karaye da aka kafa a 2019, aka rushe a 2024, aka dawo da ita a shekarar a matsayin mai daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. Wasu su ɗauki Zarewa, wasu Fulatan. Ɗalibin da ya yi wannan ya koyi bincike, ya koyi bambanta labari da jita-jita.

Wani zai ce ina data, ina sabis? Akwai manhajar Kiwix, ana sauke Wikipedia a kwamfuta ɗaya, ɗalibai su riƙa karantawa ba intanet. Rubutun kuma a shirya shi a takarda, a ɗora ranar da aka samu sabis.

Matasa, musamman mu da muka gama jami'a muna gida, kowa ya ɗauki maƙala ɗaya a wannan watan. Idan ba mu rubuta ba, baƙo zai rubuta mana, ko kuma a manta da mu gaba ɗaya.