Fim ɗin talakawan da suka tashi sama a kan tsintsiya

A shekarar 1951 wani fim na Italiya mai suna Miracolo a Milano ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Kan, a Faransa, tare da wani fim na Suwidin. A gida kuwa surutu ya sha. Vittorio De Sica ne ya ba da umarni, labarin kuma daga littafin Cesare Zavattini aka ɗauko shi.

Tatsuniya ce sak. Wata tsohuwa ta tsinci jariri a gonar kabeji, ta raɗa masa suna Toto. Da ta rasu aka kai shi gidan marayu. Ya girma, ya tara marasa galihu suka kafa unguwar kwano da katako a bayan birnin Milan. Ana nan sai man fetur ya ɓulɓulo a filin. To, ka san sauran: attajiri Mobbi ya saye wurin, ya turo 'yan sanda. Sai marigayiyar ta sauko da wata farar kurciya mai biyan buƙata. Kowa ya roƙi nasa. Wani baƙar fata da wata Baturiya na son juna a ɓoye. Shi ya roƙi fari, ita ta roƙi baƙi, aka koma gidan jiya.

A ƙarshe an kwashe su zuwa dandalin babban cocin Milan, suka fizge tsintsiyar masu shara, suka hau, suka ɓace cikin gajimare.

Nan masu sharhi suka rabu. Masu ra'ayin mazan jiya suka ce farfagandar gurguzu ce. Wasu 'yan gurguzun kuma suka ce ina! Mutumin da ya yi fim ɗin ɓarayin keke a 1948 ya gudu daga gaskiya, talaka gwagwarmaya yake bukata.

Ni ban ga gudu ba. Duk ɗan Titirou ko Djougou da ya taɓa ganin an zo da takardar fili an tashi mutanen da suka shekara da shekaru a wuri, ya san me ake nufi: an rasa musu ko shimfiɗar tabarma a ƙasa, shi ya sa aka tura su sama. Tun farkon fim ɗin ma an nuna haka. Ana tsananin sanyi, rana ta ɗan leƙo ta haska wuri guda, sai ka ga magidanta sun ruga sun cunkushe a ciki. Hasken ya koma can gefe, su kuma suka bi shi a guje.