ZOƁO YANA DA AMFANI, AMMA SAI AN TAFASA

Uwar yara, tsaya ki karanta, ko ki sa a karanta miki.

Zoɓo, wanda wasu ke kira soɓorodo, ba baƙo ba ne a ƙasar Gobir. Daga Isa har Sabon Birni ana shuka yakuwa a gefen gona, a yi miya da ganyen, a shanya jan zoɓon don sha. Yana kashe ƙishirwar bazara. Likitoci kuma sun gano yana ɗan saukar da hawan jini ga manya, amma fa ba ya zama madadin maganin asibiti.

Haɗarin ba a zoɓon yake ba, a ruwan yake. Mata da yawa sukan jiƙa shi cikin ruwan sanyi ya kwana, da safe su tace. Jan nan nasa ba ya kashe ƙwayar cuta. In ruwan gulbi ne, ko na rijiya marar murfi, to amai da gudawa kika jiƙa wa yaranki. Kin dai san ɓarnar da cutar ta yi a Jihar Sakkwato da daminar 2021.

Ki wanke hannunki da sabulu. Ki tsince zoɓon, ki wanke ƙasar, ki ɗora a wuta. In ya tafasa, ki bar shi minti 10 yana tafarfasa. Ki tace da rariya mai tsabta, ki rufe. Kada ki surka da ɗanyen ruwa, kada ki jefa ƙanƙarar da ba ki san ruwanta ba, domin a nan ake ɓata aikin duka. A sha a ranar. Sukari kaɗan ya isa. Citta da kanumfari ba laifi.

In kina son tsami, ga tsamiya, ga lemun tsami. Ki guji garin ɗan tsami na ƙulli marar suna. A 2021 wani na jabu ya kwantar da mutane da yawa a Kano, har aka rasa rayuka.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, nono kaɗai. Ba zoɓo, ba dauri, ba jiƙo, ko da kaka ce ta kawo. Mai juna biyu kada ta yawaita sha, ta tambayi ungozoma ranar awo.

Yaro in ya fara zawo, ba zoɓo ne maganinsa ba. Ki kaɗa fakiti 1 na gishiri da sukari, wato ORS, cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, ki riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, ki ci gaba da shayarwa, ki kawo shi asibiti a ranar.