Kuɗin ungozoma ba ya cinye ladanta

A Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, in ka tambayi ungozoma nawa ne aikinta, sai ta ce, "Abin da Allah ya hore." Dattawanmu da yawa suna ganin haka ne daidai: karɓar haihuwa aikin lada ne, yanka masa kuɗi zubar da girma ne, kuma zai bar matar talaka ba mataimaki. Tausayi ne tushen wannan ra'ayi, ina kuma girmama masu shi. Amma ban yarda da shi ba.

Addini bai ce biya yana soke lada ba. Aya ta 6 ta Suratul Ɗalaƙ ta yi umarni a biya mai shayarwa, kuma ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) ya biya wanda ya yi masa ƙaho. Wanzami ma ba ya barin gidan suna hannu wofi, ba wanda ya ce ya rasa albarka.

Dubi aikin ungozoma. A tashe ta tsakar dare, ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta yi mako tana wankan jariri da gashin cibiya safe da yamma, tana kula da wankan jego. Ranar suna a sallame ta da nama da sabulu da ɗan hatsi. A da wannan yana riƙe gida. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ko kuɗin mashin na zirga-zirgar bai kai ba.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da naƙuda ta yi gardama. Yawancin matan Zamfara a gida suke haihuwa, ungozoma ce kuma ke fara ganin jini ya ɓalle ko jijjiga ta kama. In ta ce a tafi Babban Asibitin Tsafe, ko daga Kwatarkwashi a nufi Asibitin Yariman Bakura a Gusau, sai wasu magidanta su ce ai ba a hannunta aka haihu ba, su rage mata sallama. Mun sa gaskiyarta tana jawo mata asara ke nan, alhali da jinkirin awa ɗaya ana iya rasa rai.

Masu unguwanni da ungozomomi su zauna su tsayar da adadi sananne, a yi maganarsa tun ciki yana wata bakwai. A biya ta cikakke ko a ɗaki aka sauka ko a asibiti, kuɗin abin hawa kuma a wuyan maigida. Gidan da ba hali, ta yafe da bakinta in ta so, ko dangi su haɗa.