Harsashin dalma: Haɗarin da mafarautan Kebbi ke shiga da shi gida

Da zarar an kammala girbi a yankin Jega, Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, mafarauta kan fara shirin shiga daji. A ƙauyukan yankin, wannan shiri ya haɗa da goge bindigar toka, tanadin albarushi, da neman dalmar da za a yi harsashi.

Dalma ta samu karɓuwa ne saboda tana da nauyi, tana da laushi, kuma tana narkewa a zafin digiri 327 na ma'aunin Salshiyos, wanda wutar gawayi ke iya kaiwa. Shi ya sa masunta ma ke ɗaura ta a bakin taru domin ya nutse. Tsofaffin batiran mota na daga cikin wuraren da aka fi samunta.

Sai dai harsashi ba ya aiki sai ya dace da bututun bindiga. Bindigogin da maƙera ke haɗawa da hannu ba su da awo ɗaya, kowace da faɗin bakinta. Idan harsashi ya yi ƙanƙanta, ƙarfin albarushi ya riƙa zurarewa ta gefe, harbi ya kauce. Idan kuma ya yi girma aka cusa shi da ƙarfi, matsin da ke taruwa a ciki na iya fasa bututun, mai harbi ya rasa yatsu ko ido.

A Amurka, masu zuba harsashi a gida suna da na'urar rage kaurinsa, kuma suna awo da kashi ɗaya cikin dubu na inci. A nan kuwa, galibi ido da gogewa ne ma'auni, wasu kuma su kankare dalmar har ta shiga. To a nan ne haɗari na biyu ke ɓullowa, wanda ba a jin ƙararsa.

Hayaƙin narka dalma da ƙurar kankararta guba ne. Ƙurar na sauka a ƙasa, a jikin tufafi da kwanukan abinci, yara masu rarrafe su kai ta baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. A jikin yaro tana dakushe ƙwaƙwalwa, ta jawo ƙarancin jini, in ta yi yawa ta kai ga jijjiga da mutuwa. Mai juna biyu ma na iya isar da ita ga ɗan tayi.

Arewa ta riga ta ɗanɗana wannan masifa. A 2010, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, mai maƙwabtaka da Kebbi. A can, niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje ne sila, amma hanyar da gubar ta bi ita ce dai ƙura a tsakar gida.

Naman dawa ma bai tsira ba, domin dalma kan farfashe a jikin dabba. Denmak ta haramta ƙananan harsasan dalma a farauta tun 1996. Amurka ta hana amfani da su wajen harbin tsuntsayen ruwa a 1991, saboda agwagin daji na haɗiye su suna mutuwa.

Akwai kuma batun doka. Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera bindiga ko harsashi ba tare da izinin hukuma ba, kuma ta ambaci bindigar toka a cikin makaman da 'yan sanda ke sa wa ido. A wannan lokaci da Kebbi ke fama da 'yan bindiga, maƙerin da ba shi da takarda na iya samun kansa a komar jami'an tsaro.

Ga iyalan da suka gaji farauta, matakan kariya a bayyane suke: kada a narka dalma a inda ake girki ko inda yara ke wasa, a wanke hannu a sauya tufafi bayan taɓa ta, a yanke naman da ke kewaye da wurin harbi a zubar. Yaron da ke yawan ciwon ciki, kasala ko jijjiga a irin wannan gida kuwa, a gaggauta kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita cewa ana aikin dalma a gidan.