Wayar mita ta lalace: Wa ke da alhakin sauya ta, mai gida ko kamfanin wuta?

A unguwanni irin su Tudun Wada da Sabon Gari a Gusau, da cikin garuruwan Tsafe da Bungudu, ba sai an yi nisa ba za a ga wayar da ta taso daga falwaya ta bi ta bakin kwano ta shiga gida. Wata robarta ta tsattsage, wata an ɗaure ta da salatif. Ranar da ta fara tartsatsi ake soma gardama: gyaran na wa ne?

Abin da ke cinye wayar

Zafin bazara yana busar da robar da ke jikin waya har ta fashe. Da damina ta kama, iska ta riƙa goga ta a bakin kwano, ruwa ya shiga inda ta buɗe. Idan kuma an haɗa wayar alminiyon da ta tagulla da hannu kawai, mahaɗar kan yi tsatsa ta ɗauki zafi. Ƙarin kaya ma na taimakawa: wayar da aka ja domin ƙwan fitila da fanka, yau firij da injin tura ruwa take ɗauka.

Alamomin su ne ƙaurin roba, wuta mai ƙyaftawa a gida ɗaya alhali ta maƙwabta lafiya lau, ko baƙi a jikin akwatin mita. Idan tsirarar waya ta taɓa jiƙaƙƙen kwano, tana iya kashe mutum ko ta tayar da gobara.

Inda iyakar take

Kamfanin Kaduna Electric ne ke rarraba wuta a Zamfara, tare da Kaduna da Sakkwato da Kebbi. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta sha nanata cewa saye ko gyaran taransifoma da falwaya ba aikin masu shan wuta ba ne, na kamfani ne. Wayoyin da ke cikin gida bayan mita kuwa, na mai gida ne.

Rikicin yana kan guntun da ke tsakanin falwaya da mita. Ƙa'idojin kare masu amfani da wuta na 2023 sun ce idan za a ja sabuwar wuta, mai gida ne zai kawo kayan, kamfani kuma ya yi aikin haɗawa har zuwa mita. Shi ya sa a aikace kuɗin sabuwar waya ya fi faɗawa kan mai gida. Amma sayen waya bai ba shi izinin taɓa layin ba.

Gyaran da ke jawo tara

Nan ne mutane da yawa ke afkawa matsala. Sai a kira mai gyaran wuta na unguwa ya hau falwaya, ko ya ɓalle hatimin mita domin ya sa sabuwar waya. Ban da kasadar rai, wannan na iya zama laifin taɓa mita ba da izini ba. Umarnin da NERC ta sabunta a watan Janairun 2025 ya sa tarar naira 100,000 a karon farko ga mita mai layi ɗaya, da naira 200,000 ga mai layi uku.

Hanyar da ta fi ita ce a ɗauki hoton wayar, a rubuta ƙorafi zuwa ofishin kamfanin, a riƙe kwafi. Kamfani na da kwanakin aiki 15 ya warware. Idan ya gaza, sai a wuce ofishin sauraren ƙorafi na NERC da ke Gusau. Aikin cikin gida kuma a ba wanda ke da shaidar hukumar NEMSA, mai duba ingancin kayan lantarki.

Gidan haya fa?

Waya ɓangare ce ta gini, don haka bisa al'ada mai gidan ake nema. Amma idan ɗan haya ne ya lafta mata kayan da suka fi ƙarfinta, ba zai rasa nasa kason ba. Rubuta wannan a takardar haya tun farko na rage jayayya.

Ko wa zai biya, kada a bar yara kusa da wayar, kuma a kai rahoto kafin ruwan farko ya sauka.