Da'irorin Duwatsu na Senegambiya

Gabatarwa

A yankin da Kogin Gambiya ya ratsa, cikin ƙasashen Senegal da Gambiya, akwai wasu duwatsu da mutanen dauri suka sassaƙa, suka kakkafa su a tsaye da'ira-da'ira. Wuraren da ke ɗauke da su sun bazu a tsawon kimanin kilomita 350. A shekarar 2006 Hukumar UNESCO ta sanya huɗu daga cikinsu a jerin kayan tarihin duniya, wato Sine Ngayene da Wanar a Senegal, sai Wassu da Kerbatch a Gambiya. Jimillar da'irorin waɗannan wurare 93 ce, kuma 52 daga ciki a Sine Ngayene suke.

Yadda Aka Samar da Su

Daga marmara aka fafe duwatsun da kayan aiki na ƙarfe, aka daidaita su tamkar ginshiƙai. Wasu sun kai tsayin mita 2, nauyinsu kuwa har tan 7. Wannan ya nuna cewa masu aikin sun san ƙira, kuma suna da shugabancin da zai iya tara jama'a a yi gayya.

Shekarunsu da Manufarsu

Masana sun ƙiyasta cewa an kafa su tsakanin ƙarni na 3 kafin Miladiyya zuwa ƙarni na 16 Miladiyya. Gwajin kimiyya yana auna shekarun gawayi ko ƙashin da aka tono a gefen dutse ne, ba ranar da aka kafa dutsen ba.

Dangane da manufa, haƙar da aka yi ta fito da ƙasusuwan mutane da tukwane da masu da mundaye, abin da ya tabbatar da alaƙarsu da binne mamata. Sai dai an yi saɓani a kan masu ginin. Wasu na danganta su da kakannin Serer, wasu kuma da na Jola ko Wolof, domin maginan ba su bar rubutu ba.

Kammalawa

Wajibi ne malami ya rarrabe wa ɗalibansa abin da hujja ta tabbatar da abin da masana suka yi hasashe. Ɗalibin da aka ba hasashe a matsayin tabbas zai haddace shi, ya kuma koyar da shi ga na baya.